Ja-da-Yalo

Shekara goma sha huɗu ina bayan kanta a Rigasa,
daidai kwanar da masu Keke Napep ke juyawa su nufi tashar jirgi.
Mai tari ya zo, mai gudawa ya zo, mai maruru a hammata,
hannuna ya san hanyar kwalin tun ba su rufe baki ba:
ja-da-yalo, biyu safe, biyu dare,
kowa da ciwonsa, ni kuwa ɗaya ne magani.

Sai ga Nusaiba, autata.
Mura ta taɓa ta kwana uku, ta sake ta,
ta koma Islamiyya, har da tsallen igiya a ƙofar gida.
Sati huɗu bayan nan jiki ya ɗauki wuta.
Ido ja babu kwantsa, harshe kamar an jiƙa shi a zoɓo,
tafin hannu ya kumbura,
leɓe ya dare kamar fadama a tsakiyar rani.

Na buɗe shago da tsakar dare da fitilar waya.
Na ba ta na ruwa mai ƙamshin ayaba. Shiru.
Na sauko da mai tsada, wanda nake ajiye wa masu albashi. Shiru.
Na ja allura da kaina, yatsuna suna rawa,
Hajjo ta danne mata ƙafafu, ta kau da kai ga barin kallona.
Kwana biyar, zazzaɓi bai san ni ba,
bai san shagona ba, bai san abin da na sani.

Muka bi ta Bakin Ruwa da asuba, tana kwance a cinyar uwarta.
Dakta Kasham ta ce, me kuka ba ta?
Na lissafa, kamar ɓarawon da aka ce ya zube kayan aljihu.
Ba ta yi faɗa ba. Da ma ta yi.
Ta rubuta, ta rubuta, ta ɗebi jini.

Ita ma ta rataya irin nawa a jikin ƙarfe.
Na ce a raina, ashe ban ɓata ba.
Ta ce, wannan na jiran tabbas ne, kwana biyu kawai.
Ran na uku takarda ta dawo, babu ƙwayar cuta ko ɗaya,
ta sa hannu ta rufe bututun.
Na miƙe tsaye: Likita, yarinya na ci da wuta za ki cire?
Ta ja kujera, ta ce zauna, Malam Sagir, ka ji bayani.

Ɓarawon da ya shigo gidan ya tsallake katanga tun watan jiya.
'Yan sintiri ne ba su ji labari ba,
suna ta dukan masu gida a cikin duhu,
har sun kai ƙofar zuciya.
Kai kuma kana ta ƙaro harsashi
don ɓarawon da ba ya nan.
Yanzu lallashin masu gadi za mu yi, su ajiye gora, gida ya samu sukuni.

Wani ruwa aka ɗaura, na sayar da babur kafin ya samu.
Daren Laraba gumi ya karyo mata.
Da safe ta ce tana son awara, da yaji.
Hajjo ta yi dariya, ta fashe da kuka, ta tafi nema.
An ce mu riƙa dawowa hoton zuciya
har sai an tabbata babu sauran rauni.

Jiya wata mata ta zo da goyo, hanci na yoyo,
ɗari biyar a dunƙule: ba ni ja-da-yalo.
Hannuna ya tafi kwalin da kansa. Na dawo da shi.
Na ce mura ce, Hajiya, ki ba shi nono, ki sa ido,
in jiki ya yi zafi ki kai shi a duba.
Ta dube ni sama da ƙasa,
ta tsallaka titi, shagon Ɗanlami,
ina tsaye ina gani.